Katangar da Bai Kamata In Tayar Ba

Ba zan ɓata muku lokaci da yadda na bar gida ba. Kowa ya san yadda ake yi: a sayar da gona, a yi kuka a tasha, a ce sai bayan wata uku. Ni wata ukuna sai da ya kai shekara goma sha tara. Sunana Tanimu, a Jidda Bazazzagi ake ce mini, ban da wata bakwai da na yi ina amsa sunan Abdulkarim, wanda zan zo kansa. Boko a aji uku na ajiye shi, ko in ce shi ya ajiye ni. In kun ga rubutun nan ya karkace, ku yi haƙuri. Dutse aka koya mini jerawa, ba haruffa ba.

Ƙauyenmu yana gindin dutse, kudu da Zariya. Babanmu shi ke yi wa mutane garken awaki da dutse zalla, ba laka ba siminti, saboda kura. Dokarsa guda ce: ɗaya kan biyu, biyu kan ɗaya. Kowane dutse ya zauna a kan mahaɗar biyun da ke ƙarƙashinsa. In ka saɓa, rankwashi. Kaina ya sha rankwashi har ya iya aikin, kuma ban da wannan ban iya komai ba a duniya.

Zangona na farko a Jidda, unguwar Madain Fahd. Ejan ɗin da ya kawo mu umara ya rantse cewa akwai kafili, wato ubangidan da zai tsaya mana, da ke jiran magina, iƙama kuwa, takardar izinin zama, sati biyu ta fito. Ya zuba mu mu shida a wani ɗaki, ya karɓi fasfo ɗinmu wai za a buga hatimi, ya ce mu jira shi zai sayo mana burodi. In har yanzu yana kan layi, Allah ya kawo shi gaba. Da wata ya ƙare mai gida ya watso mana kaya waje, kowa ya kama gabansa. Na yi kwana huɗu a harabar wani masallaci ina cika ciki da ruwan sanyi na sadaka.

A rana ta biyar ƙanshin tsire ya ja ni ta hanci zuwa wani lungu. Mai tsiren dogo ne, baƙi, da hula zanna da ta sha hayaƙi. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce da Hausa, “Wannan tsayuwar a gaban nama ba ko sisi, ko ba a faɗa ba Bazazzagi ne.”

Na ce, “Wannan rowar kuma ta Bakano ce.”

Ya yi dariya har da dafa tebur. Ya naɗe mini tsinke uku a takarda, da ya tashi kuma ya tafi da ni ɗakinsa a unguwar Sa'alaba. Shi ne Sale. Ya ce in kwana biyu kafin in sami wuri. Kwana biyun nan ma shekara goma sha tara suka yi.

Aiki kam na yi shi iri-iri. Na ɗauki bulo, na wanke mota, na yi gudun ƴan sanda har takalmi ɗaya ya san hanyar gida shi kaɗai. Abin da ban taɓa samu ba shi ne wanda zai ce in jera masa dutse. Garin bulo ne da siminti, kowane ɗan Bangaladash ya fi ni sauri. A cikin shekarun nan innarmu ta rasu, ta waya na ji. Matata ta gaji da jira, alƙali ya raba, ban ga laifinta ba. Ƴata Larai da na bari tana rarrafe aka yi mata aure, aka kara mini waya na ji guɗa, ina tsugune a bayan wata motar da nake wankewa. Duk shekara ina cewa baɗi zan koma, in na tara abin da zan shiga gari da shi ba kunya. Baɗin ba ta zo ba.

Sale ya fi ni daɗewa nesa ba kusa ba. Ya haura shekara arba'in a Jidda, matarsa a nan aka binne ta, ba ɗa ba jika, a Kano kuwa ko ya koma ba wanda zai ce masa sannu da zuwa. Shekara uku kafin abin da zan ba ku labari, ɓarin jikinsa ya shanye. Bakin ne kawai ciwon ya bari, don shi ma ciwon ya san ba zai iya da shi ba. Ni ke goya shi zuwa banɗaki, ni ke yi masa alwala. Duk na ɗora shi a baya sai ya ce, “Alhamdulillahi, ban mutu ba sai da na hau Bazazzagi. Yalla, mu je, jakina.”

Sai aka wayi gari an shafa jan fenti a bangon gidajen layinmu. Za a rushe unguwar. Masu takardu suka fara kwashe kaya zuwa wasu unguwanni. Na zaga Madain Fahd, na zaga inda duk na san Bahaushe, maganar ɗaya ce: ina iƙama? Wanda ya yarda ya rufe ido a kan takarda, da ya ji akwai gurgu sai ya ce ɗakin a hawa na huɗu yake. Abin da nake nema bai wuce wannan ba: ɗaki guda a ƙasa, mai ƙofa, inda zan shimfiɗe Sale.

A lokacin ina aiki a bakin Ammariyya, wajen tsohon gari. Wani ɗan kwangila ne ke kai lebura, shugabanmu a wurin kuwa wani Bamisire ne da muke kira Rayyis. Ya ba ni katin iƙamar wani Abdulkarim, ɗan Chadi mai shekara talatin, ya ce in an tambaya ni ne. Ni da gemuna fari fat. Na ce, “Rayyis, wannan yaron ai jikana ne.” Ya ce, “Ka ce wahala ce ta tsofar da kai.” Ban ma yi ƙarya ba ke nan.

Aikin ban taɓa ganin irinsa ba. Tsakar wani tsohon gida ce aka buɗe, aka kafa ƙusoshi aka ja zare gida-gida kamar za a yi dara. Mutane da digirinsu suna durƙushe suna kankare ƙasa da ɗan cokalin gini, suna sharewa da buroshi. Ƙasar da ni zan kwashe kafin azahar su sai su yi wata a kanta. Nawa shi ne tura baro da girgiza rariya. In tsingaro ya fito, ko ƙashin kifi, a sa shi a leda a rubuta masa lamba kamar an haifi ɗa. Na koma gida na ce wa Sale, “Yau na ga masu ilmin da suka ƙware a shara.”

Babbarsu wata Baturiya ce ƴar ƙasar Ailan, ta manyanta, rana ta mayar da ita ja kamar gauta. Daktora muke ce mata, ita kuma ta ce mini Ammu, wato baffa. Larabcinta a Sudan ta koya, nawa a kasuwa, in suka haɗu mukan fahimci rabi mu cike sauran da hannu.

Can ƙasa, ƙarƙashin daɓen gidan, suka ci karo da wata katanga mai lanƙwasa ta farin dutsen teku, mai huji-huji kamar soso. Tsayinta bai wuce gwiwa ba, sauran duk ya kife gefe guda. Ina wucewa da baro na tsaya cak. Ba laka a jikinta. Ɗaya kan biyu, biyu kan ɗaya. Ban san lokacin da na faɗa da ƙarfi ba.

Daktora ta ɗago. “Me ka ce, Ammu?”

Na nuna mata da hannu. Na ce babana haka yake gini.

Da aka tashi shan shayi ta kira ni inuwa, ta ciro wani hoto daga littafinta, ya sha hannu har gefensa ya yi laushi. Wani zagayayyen gini ne na baƙin dutse a kan tudu, ciyawa kore shar ta kewaye shi, teku a bayansa. Ba rufi. Ƙofa guda, gajera, da dutse ɗaya shimfiɗe a samanta. Ta ce kusa da garinsu ne, tana yarinya a kansa take wasa, shi ya sa ta shiga wannan aiki. Tsayinsa ya kai mutum uku, kaurinsa kuwa sai mutum biyu su kwanta a miƙe a kai. Ta ciki akwai matakala a jikin bangon da ƴan ɗakuna da sai ka rarrafa. Ya haura shekara dubu, kuma ko cokali ɗaya na laka babu.

Na ce, “Sarki ne ya gina?”

Ta ce ba lalle ba. Mai yiwuwa wani mai shanu ne mai hali, da iyalinsa. Da yamma a koro dabbobi ciki a rufe ƙofa saboda mahara. Da suka tona irin waɗannan wurare, abin da suka fi samu dutsen niƙa ne, da ƙashin shanu, da toka, da ƴan duwatsun wuya.

Na ce, “Ashe garke ne. Mu saboda kura, ku saboda ɓarayi.”

Ta yi dariya. Na tambaye ta yadda aka yi manoma ba su kwashe duwatsun sun yi gini ba, don a garinmu da tuni an yi. Ta ce wasu an kwashe, amma da yawa tsoro ya tsare su. Mutanensu sun yarda akwai masu zama a irin waɗannan kufai, waɗanda ba a gani, wanda ya ɗauki dutsensu saniyarsa ta ƙafe ko shi ya kwanta. Na ce, “Mutanen ɓoye! Ashe Turawa ma kuna da su.” Ranar na ji Bature ya zama ɗan'uwana.

Na ci gaba da kallon hoton. Ginin ya yi kyau, bangon yana ɗan jingina ciki yadda ya kamata. Amma akwai abin da ya tsaya mini a ido. Na sa farce na ja layi daga gefen ƙofar zuwa dama, kamar kamu biyu ƙasa da saman.

Na ce, “Daga nan zuwa sama ba hannu ɗaya ba ne. Na ƙasa yana kwantar da dutse tsawonsa ya shiga cikin bango. Na sama fuska yake nema, yana jera su a kwance don su yi kyau. Kuma ga mahaɗa uku a jere, wannan da babana ne da ya sha rankwashi.”

Daktora ta ajiye kofinta. Ta daɗe tana duban inda farcena yake. Ta ce shekara ɗari da wani abu da suka wuce, saman ginin ya zube, wasu masu kyakkyawar niyya suka tattara duwatsun suka mayar. Ba su rubuta inda suka fara ba. Masana sun yi shekaru suna gardama a kan layin nan, ni kuma na nuna shi kafin shayi ya huce.

Jama'a, a shekara goma sha tara ba wanda ya taɓa dubana kamar yadda matar nan ta dube ni. Kaina ya kumbura har hula ta matse. Ta ce, “Ammu, kai ma za ka iya irin wannan?” Na ce da ido a rufe. Ta ce, “Wata rana ina so in gani.”

Wannan maganar ita ta kashe ni.

A bakin ƙofar wurin akwai ɗakin mai gadi. A ƙasa yake, da famfo a gefe, da na'urar sanyi. Mai gadin zai koma ƙasarsu ƙarshen wata. Na cire kunya na gaya wa Daktora halin da muke ciki, ni da Sale da jan fenti. Ta yi wa Rayyis magana a gabana. Rayyis ya sosa ƙeya, don yana da ɗan garinsu da yake so ya ba. Ya ce to, a gwada ni da gadin Juma'a da Asabar, ranakun da ba a tono. Da ta juya baya ya ce mini, “Ku biyu ne a kan ɗakin nan. Ka nuna mata kana da amfani.”

Ranar Alhamis suka gama share duwatsun da suka kife, suka bi na sama-sama da alli suna rubuta lamba. Mai na'urar awo da ɗaukar hoto sai Lahadi zai zo. Na ga Daktora ta tsaya a kansu tana girgiza kai, ta ce, “Dubi yadda ta faɗi.” Ni na ji tausayi a muryarta. Ashe murna ce.

Za ku ce ban san ba a taɓa komai a wurin ba? Na sani. Amma na ɗauka dokar ta ƙananan abubuwa ce, su tsingaro da ƙashi. Katanga kuwa, na sha gani a tsohon gari ana rubuta wa duwatsun gida lamba don a mayar da su mazauninsu. Ga lamba, ga katanga a ƙasa, ga mata ta ce tana so ta gani, ga magini. Me ya rage?

Da yamma na gaya wa Sale shirina ina ba shi kunu. Ya kawar da baki daga cokalin. “Ta ce ka yi?”

“Ta ce tana so ta gani.”

“Ni ma ina so in ga Kano, ka ga na tashi? Tanimu, aikin da ba a sa ka ba, ko ka iya, sunansa karambani.”

Na ce, “Bakano me ya sani a gini ban da tara haya?”

Ranar Juma'a da hantsi na tuɓe riga. Na kwashe duwatsun gaba ɗaya na baje su gefe, manya daban, ƙanana daban. Lambobin ban bi ta kansu ba, dutse shi ke faɗin inda zai zauna. A ƙarƙashinsu na tarar da baƙar ƙasa, toka da gawayi da tarkacen tukwane, kauri kamar tafin hannu. Ba magini mai mutunci da zai bar wannan ƙazanta a gindin aikinsa. Na kwashe ta tas da shebur, baro tara, na juye a tarin ƙasar da tifa ke ɗauka. Na tafi masallaci na dawo na ci gaba.

Wallahi ban taɓa jin daɗin aiki kamar na kwana biyun nan ba. Hannuna ya tuna komai. In ɗauki dutse in juya shi sau ɗaya, ya zauna ɗaram kamar an haife shi a wurin. Na cika cikin bangon da ƙanana, na sa dogaye suna ɗaure fuska biyu. Na bi hannun mutumin da ya fara ginin, inda ya karkata na karkata, har na ji kamar na san shi. Ina yi ina yi wa babana addu'a. Asabar da la'asar katanga ta kai ƙirjina. Tifa ta zo ta kwashe tarin ƙasa, har na taya direban. Na ɗebo ruwa na wanke allin nan fes, na share wurin, na zauna ina kallo. A raina har na shimfiɗa wa Sale katifa a ƙarƙashin na'urar sanyi.

Lahadi da safe na sa wankakkiyar riga na tsaya kusa da aikina.

Daktora ta shigo tana magana da mai na'urar awo. Ta kai bakin ramin, maganar ta yanke. Ta cire malafarta. Ta nemi wani bokiti ta kife ta zauna a kai. Ni ina ta murmushi kamar ango.

Ta ce, a hankali, “Ammu, wa ya yi wannan?”

Na dafa ƙirji.

“Baƙar ƙasar da ke ƙarƙashi fa?”

“Na kwashe. Tifa ta tafi da ita jiya.”

Ta rufe fuska da malafar. Da ta buɗe ba ta yi tsawa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce gawayin nan da shi za a auna a san shekarun wurin. Duwatsun da suka kife su suka rufe shi tun ranar da abin ya faru, ba hannun da ya taɓa shi sai nawa. Yadda suka kwanta kuma shi zai nuna ko gobara ce, ko ruwa, ko mutane ne suka tura.

Ta ce, “Katangar da ke tsaye abu ɗaya take faɗa, an yi gini a nan. Wadda ta faɗi ita ke faɗin abin da ya sami mutanen gidan.”

Na ce, “Sai in rushe in mayar yadda take.”

“Ka tuna inda kowanne yake?”

Na dubi bangon, ko ɗaya ban tuna ba.

Ta sauka cikin ramin ta shafa bangon. Ta ce, “To nuna mini layin. Inda nasa ya ƙare, naka ya fara. Kai ka gano na garinmu a hoto.”

Na durƙusa. Na bi bangon daga wannan gefe zuwa wancan, na dawo. Ni da na jera shi jiya da hannuna, na kasa. Na bi hannun mutumin nan har na ɓace a cikinsa. Na ce, “Daktora, ba layi.”

Ta yi wata irin dariya, hawaye na zubo mata. Ta ce, “Ban taɓa ganin gini mai kyau kamar wannan ba. Ka fi namu na can iyawa. Su aƙalla sun bar mana kuskure.”

Ta ce za ta rubuta cewa rashin fahimta ne, laifinta ne da ba ta yi mini bayani ba. Na yarda da gaske take. Amma Rayyis ya ja ni bayan ɗakin mai gadin. Ya ce dole masu duba aiki su zo, kuma abin da za su fara tambaya shi ne wane ne Abdulkarim. In suka ga gemun nan, ni da shi da ɗan kwangila duk mun shiga uku. Ya karɓe katin. “Halas, shi ke nan. Yalla, kar in ƙara ganinka ko a hanya.”

Daktora ta biyo ni har titi. Ta ce ɗakin ba a hannunta yake ba, ta yi iya yinta. Ta ce, “Kai da ɗan'uwanka ina za ku?” Na ce Allah na nan. Ta tura mini hoton nan a aljihu, ta juya da sauri.

Da ƙafa na koma Sa'alaba, don in ja lokaci. Na zauna a bakin katifar Sale na faɗa masa komai, ban rage ba. Na jira ya ce ai na gaya maka.

Ya ce, “Katangar dai ta yi kyau?”

Na ce, “Ta yi.”

“To alhamdulillahi. Da a ce ka rasa ɗakin kuma katangar ta karkace, da kunyar ta yi wa Zazzau yawa.”

Na fita waje don kada ya ga fuskata.

Bayan sati biyu aka yanke wuta da ruwa. Katafila ta fara daga bakin titi tana cin layi ɗaya-ɗaya. Ranar da ta iso namu na goya Sale, na rataya buta da jaka, na nufi can ƙarshen unguwar inda aka riga aka baje. Fili ne na fasassun bulo da rodi, sai karnuka. Na jingina shi da wani guntun bango na tsaya ina dube-dube. Abu ɗaya na iya.

Na ja da'ira da ƙafa, taku biyar. Na jera fasassun bulo, ɗaya kan biyu, biyu kan ɗaya, har kafaɗa. Na bar ƙofa gajera na ɗora mata guntun dakali a sama, na ja tamfol a rabi don inuwa. Na kafa hoton Daktora a wata mahaɗa. Sale ya dubi hoton, ya dubi bangon.

Ya ce, “Saura shanu.”

Na ce, “Ga ka nan.”

Ya ce, “Wai can ka ce ba a taɓa irin wannan saboda tsoron mutanen ɓoye? To nan ai mu ne mutanen ɓoyen. Shekara arba'in ba a ganina. Sai dai mu ba mai tsoronmu.”

Akwai dai wanda ya raga mana. Direban katafilar da ke baje wurin, wani ɗan Pakistan, ya zo har gaban da'irar ya leƙa ya ga Sale a kwance. Ya ɗaga mini hannu ya kewaye mu. Kullum haka yake yi, wani lokaci ya ajiye mana gorar ruwa a bakin ƙofa. Fili ya yi ta zama fayau, mu kaɗai a tsakiya kamar cibiya.

Amma bulo ba ya hana zafin Jidda. Tamfol ɗin da rana kamar murfin tukunya. Ina jiƙa tsumma ina shafa wa Sale, ina tuna na'urar sanyin can da na riga na ba shi a raina. Ya daina cin abinci a kwana na bakwai. A na tara ya daina tsokanata, a nan na san tafiya ta zo. Na ce, “Sale, ka yafe mini. Da na ji maganarka da yanzu kana ɗaki.” Ya motsa hannunsa mai lafiya ya kama gemuna. Ya ce, da ƙyar, “Jaki ba ya neman gafara. Juya ni gabas.”

Ranar kwana goma sha ɗaya, bayan la'asar, ya cika.

Tsofaffin masu sayen tsirensa da ke da takardu su suka yi ɗawainiyar komai, Allah ya saka musu. Kabarin can ba a rubuta suna. Dutse ne ƙarami a kai, irin na kowa, in ka juya baya ka dawo ba za ka gane naka ba.

Yanzu ina zauren mijin Larai nake wannan rubutu. Na miƙa kaina tarhil, inda ake tara marasa takardu a mayar da su ƙasarsu, aka sauke ni da jaka ɗaya da hoto ɗaya. Jikokina suna ce mini Alhaji, ina amsawa. Na je gindin dutse neman garken da babana ya gina. An farfasa su tuni an sayar wa masu tifa, ko ɗaya ban samu ba.

Amma kafin in bar Sa'alaba na koma da'irar ɗaukar jakata. Girgizar katafila ta sa gefen yamma ya zube ciki. Bulo sun kife a kan tabarmar Sale, da butarsa, da kofin da nake ba shi kunu, da hular nan mai hayaƙi. Gyaran bai fi na rabin awa ba. Har na sunkuya na kama bulo na farko, na ji ya yi daidai da hannuna, na san inda zai zauna.

Na mayar da shi inda na ɗauke shi, daidai yadda yake kwance. Na san gobe ko jibi direban nan dole ya baje wurin, kuma ba wata Daktora da za ta zo da buroshi neman Sale. Duk da haka na zare hotona daga bango, na sunkuya na fita ta gajeruwar ƙofar, na bar katangar yadda ta faɗi.